Yadda ma'aunin zafi ɗaya ya ci mini batir a injin kwashe dusar ƙanƙara

Injin kwashe dusar ƙanƙarar da nake aiki da shi yanzu ba ya shan fetur, kuma ba ya jan waya a bayansa. Asalinsa na fetur ne, mai mataki biyu: murɗaɗɗen ƙarfen gaba ya tattaro dusa ya tura wa fanka, ita kuma ta cilla ta waje ta bututu. Kafiretonsa ne ya ishe ni. Duk shigowar hunturu sai an kwance an wanke, ga jan igiya da daskararren hannu, ga hayaƙin da ke iya kashe mutum a rufaffen gareji. Sai na sauke injin fetur ɗin, na ɗora na lantarki mara burushi, na haɗa masa batir. Ya yi aiki, yana kan yi, kuma ina alfahari da shi. Sai dai kafin a kai nan ya cinye mini batir guda sabo fil, kuma abin da ya jawo asarar bai fi kan ashana girma ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ba zan ɓata lokaci kan walda da daidaita bel ba, duk wanda zai taɓa irin wannan aiki ya san su. Ƙananan injinan fetur na waɗannan na'urori suna juyi wajen sau 3,600 a minti, don haka na nemi na lantarki mai gudu kusa da haka, na bar bel da giyar taya yadda suke. Batir kuwa a haɗe na saya, guda biyu iri ɗaya, daga hannun mutum ɗaya. Kowanne jeri 14 ne na ƙwayoyin litiyom masu lamba 21700, huɗu-huɗu a kowane jeri, ƙwaya 56 ke nan. Shi ne tsarin da ake rubuta wa bolt 56, alhali matsakaicin ƙarfinsa 50.4 ne, in ya cika fal ya kai 58.8. Haka lambobin nan suke: wanda aka rubuta wa 40 jeri 10 ne mai bolt 36, wanda aka rubuta wa 80 jeri 20 ne mai bolt 72. Lambar da ke jikin kwali ba za ta gaya maka yawan aikin da batir zai yi ba, sai ka ninka bolt ɗin da amfiya-awa. Nawa kowanne ya tashi wat-awa 800 ko kusa da haka.

Wat-awa 800 za ka ji kamar abin kirki ne har sai ka ajiye shi kusa da fetur. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi wajen wat-awa 9,000. Ko da ƙaramin inji ya zubar da kashi huɗu cikin biyar a zafi da hayaƙi, abin da ya rage ya fi wanda ke cikin batirana biyu a haɗe. Tun daga lokacin da Arthur Sicard ya ƙera tasa na'urar a Montreal ta ƙasar Kanada a 1925, a jikin babbar mota, an yi ta gina waɗannan injina ne bisa cewa ƙarfi a yalwace yake, in ya ƙare a ƙaro mai. Mai batir ba shi da wannan gata. Dole ya san inda kowane wat yake tafiya.

Kuma mafi yawansa a jifa yake tafiya. Fankata faɗinta santimita 30 ne, tana juyi wajen sau 1,200 a minti, wato bakin fiffikenta yana gudun kusan mita 19 a daƙiƙa. Ɗauki fili mai murabba'in mita 60 da dusa ta rufe shi da kaurin santimita 20. In busasshiya ce mai laushi, irin wadda ke zuba cikin tsananin sanyi, mita kubik ɗinta tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, duka filin bai cika tan ɗaya ba ko ya ɗan haura. In jiƙaƙƙiya ce, wadda ta zubo lokacin da yanayi ke daf da sifili, mita kubik ɗin kan kai kilo 300 zuwa 400, filin nan guda ya zama tan huɗu. Ido ba ya ganin bambancin, kaurin ɗaya ne. Amma cilla ta farko a wannan gudu wajen wat-awa 50 yake ci, ta biyun kuwa ya haura 200, tun ma ba a lissafa abin da bel da giya da goga jikin ƙarfe suke cinyewa ba. Shi ya sa duk kwalin da na ga an rubuta masa cewa caji ɗaya zai share wuri kaza, abin da nake fara tambaya shi ne, da wace irin dusa aka gwada?

Daɗin abin shi ne makamashin jifa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkin gudun a kansa yake bi. In ka rage gudun fanka da kashi 30 cikin ɗari, abin da jifan ke ci ya faɗi kusan rabi. Injin fetur ba ya son a rage masa wuta, ƙarfinsa ke zubewa. Na lantarki kuwa bai damu ba. Na saka maɓallin rage gudu a kan mariƙi, kuma shi ne abu mafi amfani da na ƙara wa na'urar. In gefen da zan zuba dusar yana kusa, me zai sa in cilla ta mita goma? Sai dai jiƙaƙƙiya ba ta yarda da sassauci, da ka rage wuta sai ta manne a bututu ta toshe shi. Maganinta shi ne ratar da ke tsakanin fiffiken fanka da jikin gidanta. A tawa yatsa yana shiga ratar nan, kuma ta nan dusa ke zamewa tana komawa baya ana sake juya ta a banza. Na yanko roba mai kauri na ɗaura a bakin kowane fiffike har ta kusa shafar bango. Toshewa ta ragu ƙwarai, jifa ya ƙara nisa a ƙaramin gudu.

Duk wannan na hango shi kafin in fara, ko kuma na gano shi ba tare da asara ba. Yanzu ga wanda ya ci ni.

Kowa ya san batirin litiyom ba ya son sanyi. Takardun masu ƙera ƙwayoyin kusan duka abu ɗaya suke faɗa: ana iya jan wuta daga digiri 20 ƙasa da sifili har zuwa 60, amma caji daga sifili ne zuwa 45. Na san wannan, shi ya sa da zan sayi batir na nemi wanda fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da ke cikin batir yana kula da shiga da fitar wuta, ke hana caji in ya yi sanyi. Takardar mai sayarwa ta ce yana da wannan kariya. Kuma na gan ta tana aiki da idona. Batir ɗaya a ɗaure yake a jikin na'ura, a sito marar ɗumi. In na yi aiki da yamma bai ƙare ba, a nan yake kwana. Ɗayan na ko-ta-kwana ne, a cikin ɗaki yake zama. Da safe sai in ciro na siton in shigo da shi, in jona caja mai amfiya 8. Caja ta nuna jar wuta, ta ƙi. Kafin in cire takalma in ɗumama hannu, kamar minti goma zuwa sha biyar, sai in ji ta yi ƙas, ta soma caji. To me ya rage? Na'ura ta auna, ta jira, ta gamsu. Hankalina kwance.

Alamar farko a tudun bakin hanya ta bayyana, wannan da motar share titi ke turowa ta jibge maka a ƙofa. Duk mai irin wannan na'ura ya san shi ne jarrabawa: dusa ce da aka danne, ta sha gishiri ta narke ta sake daskarewa, ga tsakuwa a ciki. A nan inji ke jan wat 3,000 ko fiye, wanda a bolt 50 amfiya 60 ke nan, kowace ƙwaya tana ba da 15. In ƙwaya tana da ɗumi, irin wannan ja yana sauke ƙarfinta da kamar bolt 0.3. In ta yi sanyi, turjiyar cikinta ta ninka, saukar na iya kaiwa sau uku. Ƙwayar da ke kan 3.6 sai ta faɗo 2.7, fanel ya ɗauka batir ya ƙare, ya yanke wuta. Kana tsakiyar tudu sai tsit. Ka saki liba, ka duba fitilun batir, ka ga uku cikin huɗu suna ci. Wutar tana nan, fitowa ce ba ta iya yi da saurin da ake so.

Da farko na ɗauka wannan halin sanyi ne kawai, kuma wani ɓangare haka ne. Amma da hunturu ya yi nisa sai na ga batirin siton yana yankewa ko da ya kwana a ɗaki, ko da a dusa mai sauƙi, alhali ɗan'uwansa yana ratsa tudun nan ba gardama. Rana ɗaya aka saye su, hannu ɗaya ya haɗa su. Na cika su duka biyu, na sauke su a kan ma'auni a cikin ɗaki mai ɗumi. Na ɗakin ya ba da kusan abin da aka rubuta. Na siton ya ɗan haura rabi, sai ya ce ga garinku nan.

Wani abokina mai gyaran kayan lantarki ne ya taya ni buɗe shi. Ya kwance murfi, ya ɗaga fanel, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, zo ka ga inda suka liƙa shi." Ma'aunin zafin, ɗan baƙin abu mai siraran wayoyi biyu, an manna shi da gam a kan fanel ɗin kansa, daf da murfin roba, kusa da kayan da ke ɗaukar ɗumi da zarar an jona caja. Tsakaninsa da ƙwayoyin kuwa akwai soso mai kauri da aka sa don kada girgiza ta taɓa su. Wato abin da yake aunawa shi ne ɗumin murfi da na fanel. Da an shigo ɗaki, cikin mintuna ya haura sifili, ya ba da izini. Su kuwa ƙwayoyin, kusan kilo huɗu na ƙarfe da sinadari lulluɓe da soso, suna nan a daskare.

Ban yarda da zato ba, sai da na gwada. Na mayar da shi sito ya kwana a daren da sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili, na cusa wani ma'aunin a tsakiyar ƙwayoyin, na shigo da shi ban jona komai ba. Sa'a guda cur tsakiyar bai haura sifili ba. Ke nan duk safiyar da na ji wannan ƙas ɗin na samu natsuwa, amfiya 8 ne ake ɗura wa daskararrun ƙwayoyi.

Abin da ke faruwa a ciki ba ya gyaruwa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Lokacin caji, litiyom yana tasowa daga gefe ɗaya ya shige tsakanin shimfiɗun girafait, wani baƙin sinadari dangin gawayi, da ke ɗaya gefen. A sanyi shigar tana yin nawa. Caja kuwa ba ta sani ba, tana ta turowa. Wanda bai samu shiga ba sai ya taru a bakin ƙofa ya zama ƙarfe, ya lulluɓe fuskar girafait ɗin. Wani kaso nasa ba ya sake komawa aiki har abada, ma'ajin batir ya ragu, turjiya ta ƙaru. Ƙarin turjiya kuma shi ne ƙarin saukar wuta a gaban tudu, shi ya sa yankewar ta yi ta matsowa kusa. Mafi muni, ƙarfen nan kan tsiro da tsinaye masu iya huda siririn labulen da ya raba gefen biyu, daga nan sai gobara. Da muka auna jeri-jeri, na tsakiya ne suka fi lalacewa, na gefe da sauƙi, domin na tsakiyar su ne na ƙarshen samun ɗumi. Batir kuwa da jerin da ya fi rauni yake tsayawa. Ban yi ƙoƙarin ceto ko ƙwaya ɗaya ba. Na rufe bakunansa da tef na kai shi inda ake karɓar matattun batura, domin ba abin jefawa a shara ba ne, ba kuma abin kwana da shi a gida ba ne.

Na rubuta wa wanda ya sayar mini. Amsarsa ita ce fanel ɗin yana da kariyar sanyi kamar yadda aka rubuta. Gaskiya ya faɗa, a takarda. Da ba a sa kariyar ba sam, da na riƙa barin batir ya yini a ɗaki kafin in jona, kamar yadda kowa ke yi. Kariyar da ke ƙarya ce ta sa na saki jiki. Wayar ma'aunin nan da an ƙara mata tsawon ɗan yatsa, an cusa shi tsakanin ƙwayoyi, da batirina yana nan.

Batirin da ya maye gurbinsa ni na tsaya a kan haɗa shi. Ma'auni biyu na sa, ɗaya a tsakiyar ƙwayoyi inda sanyi ke daɗewa kuma zafi ke taruwa, ɗaya a gefe, kowanne manne da jikin ƙwaya kai tsaye. Fanel ba ya buɗe ƙofar caji sai dukansu sun kai digiri 10. Sifili ne iyakar da takarda ta faɗa, amma zama a bakin iyaka da caja mai sauri ba hikima ba ce. Na kuma buɗe tsohon na ɗakin na matsar da nasa ma'aunin, domin shi ma a murfi yake, sa'a kawai ya ci bai taɓa kwana a waje ba. Sannan na shimfiɗa ɗan faifan ɗumamawa a ƙarƙashin ƙwayoyin, mai shan wuta daga caja. Lissafinsa ya ba ni mamaki: ɗaga kilo huɗu na ƙwayoyi daga 15 ƙasa da sifili zuwa 10 a sama, wajen wat-awa 30 ne kacal. Bai kai kashi huɗu cikin ɗari na abin da batirin ke ɗauka ba. Wannan ɗan abin ne ya tsaya tsakanina da asarar batir guda.

Akwai wata ƙofar baya da sai bayan wannan na lura da ita. Doka ce ta hankali cewa da ka saki liba fanka ta tsaya da wuri. Kwantirola da yawa, wato na'urorin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, suna yin wannan birki ne ta hanyar mayar da wutar juyin cikin batir. Caji ne shi ma, ko da na ɗan lokaci ne, kuma yana iya zuwa da ƙarfi, a waje, cikin sanyi. Na kashe wannan tsari, na bar birkin bel na asali yana aikinsa. Ɗan abin da zai dawo bai kai a sake taɓa lafiyar ƙwayoyi saboda shi ba.

Yanzu batir ba ya kwana a jikin na'ura ko da dare ɗaya. Na canza maɗaurinsa daga ƙusoshi zuwa makulli mai ɓallewa da hannu ɗaya, wanda ake iya buɗewa da safar hannu mai kauri, domin duk abin da zai sa sai ka nemo sifana a cikin sanyi, wata rana za ka ce bari sai gobe. Ina fita da shi da ɗuminsa, kuma tudun bakin hanya nake fara fuskanta, lokacin da kowace ƙwaya ke sama da bolt 4 kuma akwai sararin sauka. Da ya fara aiki shi ke ɗumama kansa, soson da ya cuce ni a baya yanzu riƙe masa ɗumin yake yi. A tudun ba na cika baki, rabin faɗi nake ɗiba, a giya mafi ƙasa.

Sauran abubuwan da suka taso ba su kai wannan ciwo ba, amma mai shirin irin aikin ya kamata ya ji su. Nauyi na ɗaya. Injin fetur ɗin da na sauke ya fi na lantarkin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ashe nauyinsa aiki yake yi: shi ke danne tayoyi. Da ya tafi sai suka riƙa juyi a wuri ɗaya, bakin na'urar kuma yana hawa kan tudu maimakon ya ci shi. Na ɗora akwatin batir daidai saman sandar tayoyi, na ɗaura ƙarfe mai nauyi a saman bakin. Na'urar da aka yi wa talla da cewa ba ta da nauyi, a kan ƙanƙara ba lallai ne wannan ya zama yabo ba.

Na biyu ruwa. Dusa ba ta jiƙa komai sai ta samu ɗumi, kuma inji da kwantirola su ne masu ɗumin. Garin dusa yana bin iskar sanyaya inji ya shiga, ya narke, in ka kashe ya daskare a ciki. In kuma da gishirin titi a cikinsa, ruwan yana ɗaukar wuta yana cin tagulla. Na juyar da bakin kowace mahaɗar waya ƙasa, na shafa musu giris ɗin lantarki, na huda ƙaramin rami a gindin akwatin kwantirola. Toshe akwati ruf ba ya hana raɓa taruwa a ciki in aka shigo da shi cikin ɗumi daga sanyi, gara a ba ruwan hanyar fita. Kafin in ajiye na'urar kuma sai na bar fanka ta yi juyi babu kaya na ɗan lokaci ta watsar da abin da ya maƙale, in ba haka ba washegari a daskare za ka same ta, ka danna liba bel ya ƙone.

Na uku ƙusoshin karyewa da ke riƙe murɗaɗɗen ƙarfen gaba. Wani zai ce tunda kwantirola na yanke wuta in ja ya yi yawa, a sa ƙusa mai ƙarfi a huta da canji. Kada ka yi. In dutse ko daskararriyar jarida ta maƙale, nauyin juyin inji da na fanka ne ke dukan giya, kuma wannan dukan ya riga ya sauka kafin wuta ta yanke. Ƙusa ta karye ya fi akwatin giya ya fashe.

Na huɗu shi ne wanda ke ba ni tsoro: shiru. Injin fetur in yana raye kowa na jin sa. Wannan kuwa a kunne yake ko a kashe, kamanninsa ɗaya. Mafi yawan raunukan da irin waɗannan na'urori ke yi a hannu ne, mutum ya cusa yatsu a bututu don ya cire toshewa. Ko a kashe take, fankar da ta maƙale na iya riƙe murɗiya a bel, da an cire abin da ya tokare ta sai ta zabura. Na sa makulli mai cirewa wanda ke raba batir da komai, da fitila ja a kan mariƙi mai ci muddin akwai wuta a layi. In bututu ya toshe, makullin na aljihuna, sanda ce ke shiga, hannu ba ya shiga.

Da zan sake farawa, abin da zan canza shi ne in raba injin taya da na fanka, kamar yadda wasu masu mataki biyu na batir da ake ƙerawa yanzu suke zuwa. A tawa inji ɗaya ke jan komai, don haka in na rage gudun fanka tafiya ma ta ragu, sai na ƙara giya. Ana zaune da hakan, amma ba shi ne daidai ba.

Wanda zai sayi haɗaɗɗiya daga kamfani ba ruwansa da yawancin wannan wahala, kuma manyan masu ƙera kayan aikin batir sun saba sa ma'auni a cikin batir da cajar da ke ƙin karɓar mai sanyi. Duk da haka inda ma'aunin yake ba a rubuta shi a kwali, kuma ko mai sayarwa sau da yawa bai taɓa buɗe cikin batirin ba. Ga gwajin da zan so a ce wani ya nuna mini tun farko, musamman ga mai batirin da aka haɗa da hannu ko wanda ba na asalin kamfanin ba. Bar shi ya kwana a sanyi sosai, ka shigo da shi, ka jira minti goma sha biyar, ka jona caja kana tsaye a kanta. In ta ƙi, ta ci gaba da ƙi har tsawon lokaci, ma'aunin yana jin ƙwayoyin. In ta karɓa nan take ko bayan ɗan jim, zare ta maza, domin batir mai nauyin kilo biyu ko huɗu ba ya ɗumama a wannan ɗan lokaci. Irin wannan batir, daga ranar, agogo ne zai riƙa ba shi izinin caji: ya yi aƙalla sa'o'i uku zuwa huɗu a ɗaki, a wajen jakarsa, nesa da hita, sannan a jona.